Jarrabawa Ga Ɗan Shekara Uku?

Ina roƙon edita da masu karatun wannan mujalla tamu su yi mini haƙuri, domin yau ban zo da waƙa ba, ban kuwa zo da sharhin wani littafi ba. Ƙorafi na kawo, kuma ƙorafin nan ya shafi mutanen da ba za su iya karanta shi ba, balle su tsaya su kāre kansu, watau ƙananan yaran da ba su kai shekara shida ba.

Hutun da ya wuce na je gida Kazaure, na tarar da yayata ranta a ɓace. Ɗanta, yaro mai shekara uku da 'yan watanni, ya kawo takardar sakamakon jarrabawa daga wata makarantar nazare da aka sa shi a cikin gari. An rubuta ya zo na kusa da ƙarshe a aji, an ja jan layi a ƙarƙashin lissafi da rubutu, malamar kuma ta ƙara da cewa ba ya mai da hankali, wasa ya yi masa yawa. Na ce, "Yaya, wasa ya yi wa wa yawa?" Ta ce, "Kai dai da ka san boko, kira shi ka yi masa faɗa." Na kira shi. Yaron da 'yan watanni kafin nan in ya hango ni sai ya sheƙo da gudu yana Kawu, Kawu, ya ɗare kafaɗata, ran nan sai ga shi ya taho a hankali yana bin bango, da na miƙa hannu zan shafa kansa sai ya kāre kan da hannuwansa biyu. Daga baya na ji ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, kuma kowace safiya ta makaranta sai ya ce cikinsa na ciwo, amma ranar Asabar lafiyarsa lau. Takardar ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ashe kuwa yaron ya yi karatu, karatun da ya yi shi ne hannun babba abin tsoro ne.

Ba yayata kaɗai ba ce, kuma ba ni ganin laifinta. Wanda duk ya bi titin Kanti da sassafe zai ga yara 'yan mitsi-mitsi sun sha yunifom, kowanne da jakar da ta kusa fin shi nauyi, an cusa su huɗu biyar a bayan babur. Wannan sabon al'amari da ya fara a manyan birane ya game Kazaure, ya nufi Roni da Gwiwa da Babura, har ya zamanto mai shago biyu da allo ɗaya ya isa ya rataya alama ya ce ya buɗe makaranta. Ku shiga ɗaya daga cikinsu ku gani. Ɗaki ne mai taga ɗaya, an jera benci kamar na 'yan aji shida, yara sun cika shi maƙil, a gaba ga wata baiwar Allah da ake kira anti, a hannunta guntuwar bulala. Tun daga ƙarfe takwas har rana ta take, abin da ake yi shi ne maimaita baƙaƙen Turanci da ƙirga da wasu waƙoƙin Turawa game da dusar ƙanƙara da tumakin Ingila, waɗanda ita kanta antin ba ta san ma'anarsu ba. Wanda ya motsa a tsawata masa, wanda ya yi kuka a ce ya yi shiru, wanda Hausa ta suɓuce masa a ce ya yi laifi. Filin wasa babu, ko inuwar darbejiya guda babu. In an tashi a haɗo shi da aikin gida, uwarsa ta kama hannunsa ta rubuta masa, malama ta ba da maki, kowa ya yaudari kowa. Ƙarshen shekara kuma a yi gagarumin biki, a ɗinka wa ɗan shekara biyar riga da hular masu digiri, a ɗauki hoto, a ce an yaye shi. An yaye shi daga me?

To, bari mu tambayi kanmu, mene ne aikin yaro tsakanin haihuwa da shekara biyar? Masana sun nuna cewa kafin yaro ya cika shekara biyar ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin ɗari na girman ta babban mutum. Masu makarantun nan suna son wannan magana ƙwarai, da ita suke tsorata iyaye su ce a yi maza a ɗura wa yaro karatu kafin ƙofa ta rufe. Amma sun karanta rabin shafi ne suka rufe littafin. Abin da ake ginawa a waɗannan shekaru shi ne harsashin mutum: ya san in ya yi kuka akwai mai zuwa, ya iya riƙe fushinsa na ɗan lokaci, ya iya jira har layi ya zo kansa, ya ga ɗan'uwansa na kuka ya ji wani abu a ransa, ya iya cewa tsoro nake ji ko kunya nake ji maimakon ya kwanta yana birgima, ya yi faɗa da abokinsa su shirya ba tare da an kira babba ba. Mu ɗaliban Hausa mun sha karanta laccar nan ta Anthony Kirk-Greene a kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, inda ya lasafta halaye goma da Bahaushe ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Mukan haddace su mu zuba a takardar jarrabawa mu ci maki. Shin mun taɓa tambaya a ina ake samo su? Wanne ne daga cikin goman nan yake shiga yaro ta hanyar zama a benci awa huɗu hannu a ƙirji? Haƙuri ana koyonsa ne ranar da aka cinye ka a langa ka tashi ka sake shiga. Adalci ana koyonsa ne wajen rabon gyaɗa tsakanin yara biyar. Amana kuwa sai wanda aka riƙe shi da amana yake saninta.

Tsoro kuma ba ya tafiya shi kaɗai. In yaro ya firgita jikinsa kan saki wasu sinadarai, cikinsu har da wanda ake kira kotizol, su shirya shi gudu ko kāre kai. Wannan rahama ce in kare ya biyo shi. Amma in kullum a firgice yake, hankalinsa kan tattara ne ga fuskar mai bulala, yana karanta ta, yana lissafin yaushe za ta sauka, ba sauran wuri a kansa ga abin da ke kan allo. Ga shi nan sai a rubuta masa ba ya mai da hankali, alhali kuwa ya mai da hankalin, inda ya fi masa muhimmanci ya mai da shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ilmin nan da muke tsammanin sai an haye teku ake samo shi, wani sashensa a tsakar gidajen Afirka aka tsinto shi. Mary Ainsworth, wadda duk mai nazarin halayyar yara a duniya ya san sunanta, a ƙauyukan da ke kusa da Kamfala ta ƙasar Yuganda ta zauna a 1954 da 1955 tana kallon yadda jarirai ke shaƙuwa da uwayensu, ta lura cewa jaririn da uwarsa ke saurin gane buƙatarsa ta amsa masa shi ne ya fi sakin jiki ya rarrafa nesa ya binciki duniya, domin ya san yana da wurin komawa. Bayan haka Robert LeVine da abokan aikinsa suka yi irin wannan nazari a kan jariran Hausawa a manyan gidajenmu na gandu, aka buga sakamakon a 1977. Sun tarar jaririn Bahaushe ba uwa ɗaya gare shi ba, mutum uku ko huɗu ne ke ɗaukarsa, ya shaƙu da su duka, kuma kukansa ba ya daɗewa ba a amsa ba. Watau abin da littattafai ke yi wa dogon suna, kakanninmu da zanen goyo da majanyi suke yin sa. Jariri na bayan uwarsa tana daka, yana jin bugun zuciyarta da na taɓarya. Ta gaji ta miƙa wa kishiya, kishiya ta miƙa wa goggo, goggo ta miƙa wa kaka. Kaka kuwa ita ce babbar jami'a. Ita ke tsokanarsa ta ce mijinta ne ko kishiyarta ce, ya rama, ta yi dariya, ta haka ya koyi bambancin wasa da zagi, ya koyi a taɓa shi bai fashe da kuka ba. Da dare ta yi masa tatsuniya, ya ji tsoron Dodo yana kwance a jikinta, watau ya ɗanɗani tsoro a wurin da babu abin da zai same shi, ya ji haushin Gizo, ya tausaya wa marainiya. Da ya ɗan tasa ya fita dandali, inda babu malami babu bulala, amma akwai doka, wanda ya karya ta a ce ba a yi da shi. 'Yan mata su yi tuwon ƙasa, su yi wa 'yar tsana aure, su raba wa juna uwar ango da uwar amarya, su yi gardama su sasanta. Wannan fa ita ce makarantar da aka rufe aka buɗe ɗaki mai taga ɗaya.

Kada wani ya ce ga ɗan ƙungiyar Hausa ya zo da kukan da, da ya wuce. Laifi tudu ne, ba zan taka namu in hango na wasu ba. A renonmu na gargajiya akwai abubuwan da in an ce a dawo da su ni ne farkon mai cewa a'a. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya ga yadda kunyar ɗan fari take, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. A gidan gandu wannan bai cika yin illa ba, domin akwai hannuwa goma da za su cike gurbin. Amma yau da amarya ke zaune ita kaɗai a gidan haya, in ta yi kunyar ɗanta, wa zai yi masa wasa? Bango? Akwai kuma yaye na dare ɗaya, a shafa wa nono maɗaci, a ɗauke yaro a kai shi wani gari ba tare da ko sallama ba. Akwai ɗora wa yarinya 'yar shekara bakwai goyon ƙaninta wuni guda, ita ma tana buƙatar mai renonta, har makaranta ta wuce ta. Akwai tsorata yaro da Dodo ko ɗan sanda ko allura don kawai a samu ya yi shiru. Akwai kuma mafi ciwo, a ɗauki yaron da bai iya wanke jikinsa ba a danƙa wa malami a tura shi gabas, ya kwana a zaure, ya nemi abincinsa ƙofa ƙofa, a shekarun da ya fi buƙatar cinyar uwarsa. Neman ilmin Alƙur'ani wajibi ne, amma babu inda aka ce sai an raba ɗan shekara biyar da gidansu kafin ya samu. Duk waɗannan namu ne, ba Bature ya kawo mana ba. Abin mamaki, da zamani ya zo sai muka zubar da kaka da tatsuniya da dandali, muka riƙe bulala da tsoratarwa muka kai su makaranta muka sa musu yunifom. Mun yi tankaɗe, mun zubar da gari mun riƙe tsaki.

Na san amsar da za a ba ni, domin an riga an ba ni ita a zauren gidanmu. Wani dattijo ya ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, ranka ya daɗe, amma duk wanda ya taɓa yin baka ko gwangwalar rufin ɗaki ya san a hankali ake tanƙwarawa, ana yi ana sassautawa, wanda ya danne da ƙarfi lokaci ɗaya karyawa yake yi. Ban ce a bar yaro ya yi abin da ya ga dama ba. Yaro na buƙatar iyaka kamar yadda yake buƙatar abinci, kuma yaron da ba a taɓa ce masa a'a ba shi ma an cuce shi. Amma tsakanin a'a da mari akwai tafiya mai nisa, a cikinta akwai kallo, akwai kiran suna, akwai ɗauke shi daga wurin, akwai bayani, akwai sa shi ya gyara abin da ya ɓata. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yara shida cikin goma a Nijeriya suna gamuwa da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. In da duka na gyara mutum, da ƙasar nan ta cika da waliyyai.

Masu jingina bulalar da addini kuwa, ina roƙonsu su koma ga malamansu su tambaya. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan taƙaita salla in ya ji kukan jariri don kada hankalin uwar ya tashi. Ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Ya sumbaci Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, shi kuwa ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka nuna masa wannan rashin jinƙai ne. Har ƙanin Anas, yaro ƙarami da ɗan tsuntsunsa ya mutu, bai raina baƙin cikinsa ba, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Salla kanta, wadda ita ce ginshiƙi, sai a shekara bakwai aka ce a fara umartar yaro da ita. To, in Mahaliccin yaro ya yi masa jinkiri har shekara bakwai, wace ce anti da za ta hana shi sakat a shekara uku saboda bai rubuta takwas daidai ba?

Sai kuma maganar Turanci, wadda ita ce ainihin abin da iyaye ke saye da kuɗinsu. Uba ya dawo daga kasuwa, ɗansa ya gaishe shi da Turanci, ya ji kuɗinsa sun yi amfani. Ba na raina wannan buri, duk wanda ya taɓa neman aiki a ƙasar nan ya san ƙofar da Turanci ke buɗewa. Amma a duba abin da ake yi wa yaron. Duk abin da ya mallaka na bayyana zuciyarsa da Hausa ya mallake shi. Da ita zai ce fitsari nake ji, wane ya ƙwace mini, ina son Mama. Ranar da aka haramta masa ita a aji an mai da shi bebe, sauran abin da ya rage masa kuka ne da cizo da shiru, ukun nan kuwa kowanne hukunci ne ke biyo bayansa. Tun Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 aka rubuta cewa a wannan mataki da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke yi za a koyar, kuma ta hanyar wasa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida na firamare ana koya musu Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su baro takwarorinsu a baya ba, har a Turancin ma. A ƙarshen Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a dukan shekarun firamare. Sai ga shi a Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan manufa, a koma Turanci tun daga ajin share fage, hujjarsa kuwa ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Ni dai lissafina bai kai na minista ba, amma na san yaron da ya shiga aji ɗaya bayan 2022 bai ko gama firamare ba a 2025, balle ya zauna WAEC. Waɗanda suka faɗi jarrabawar kuwa sun fara makaranta ne shekara goma sha biyu kafin nan. Ta yaya shukar da ba ta ko tsiro ba za a ce ita ta ɓata girbin bara? Ko ma dai mene ne za a ce game da manyan azuzuwa, ɗan shekara uku a Gwiwa wanda bai taɓa jin Turanci ba sai a rediyo, babu wata sanarwa da za ta sa ya iya kai ƙarar zuciyarsa da shi.

Akwai hujja ɗaya da na yarda tana da ƙarfi. Gidan gandu ya watse, kaka tana ƙauye ko ta riga mu gidan gaskiya, uwa malama ce ko ma'aikaciyar asibiti ko ɗaliba a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, dole ta sami inda za ta ajiye ɗanta. In ba ta kai shi nazare ba, wayar hannu za a miƙa masa ya wuni yana kallo, wadda ita kuma ba ta amsa murmushi ba ta jin kuka. Haka ne, kuma shi ya sa ban ce a rufe makarantun ba. Cewa na yi su zama abin da sunansu na Hausa ya ce, makarantun reno. Takardun gwamnati ma ai sun faɗa. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilmin tushe, a 2007 aka fito da manufa ta musamman a kan rayuwar yaro daga haihuwa zuwa shekara biyar, bugun Manufar Ilmi na 2013 kuma ya tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, ya ce malami ɗaya ga yara 25. Jihar Jigawa ta sa hannu a dokar kāre yara a Disamba na 2021. Ba mu da ƙarancin takarda. Amma ku je makarantar firamaren gwamnati ku nemi ajin share fage, sau da yawa shi ne ɗakin da rufinsa ya yaye, malaminsa kuma shi ne wanda aka rasa inda za a kai shi. A masu zaman kansu kuwa antin nazare ita ce mafi ƙarancin albashi, yarinya ce da ta gama sakandare tana jiran sakamako ko tana jiran aure, ba wanda ya taɓa koya mata abin da ake yi wa yaron da ya ƙi daina kuka. An ba ta yara fiye da ƙarfinta, an ce iyaye na son ganin rubutu a littafi. In ta ɗauki bulala, wanda ya ba ta ajin ya fi ta laifi.

Kada kuma a ce mana sai an yi kuɗi. A birnin Kingiston na ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24, dukansu 'ya'yan talakawa waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar. Wasu daga cikinsu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana zama awa guda tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa hira, ta yaba masa, da kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida. Bayan shekara ashirin aka bi sawunsu, aka buga sakamakon a 2014: abin da suke samu na kuɗi ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa ziyarar ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Ba gini aka yi musu ba, ba yunifom, ba jarrabawa. Wannan labari ya shafe mu kai tsaye, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 64 cikin ɗari na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Muna da matan da suka san kowane lungu na Roni da Babura saboda bin gida gida da allurar rigakafin shan inna, muna da ungozomomi, muna da malaman Islamiyyar matan aure, muna da ranar awo a kowane ƙaramin asibiti inda uwaye ke zaune a benci awa biyu suna jira ba a ce musu komai. Gwangwanin madara da murafun kwalba da tsummokara kuwa ba sai an yi odarsu daga waje ba. Tsofaffin mata nawa ne a Unguwar Gabas da Unguwar Yamma suke zaune da tatsuniya ɗari a ka, ba mai tambayarsu? Wace doka ta hana mai makaranta ya ɗauki ɗaya daga cikinsu ta zauna da yaran awa ɗaya kullum, ya biya ta?

Yanzu na juyo gare mu, 'yan'uwana ɗalibai, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mu ne muke zuwa ƙauye da rikoda mu ɗauko waƙoƙin reno da wasannin dandali, mu rarraba su gida gida, mu ƙirga gaɓoɓinsu, mu rubuta kundi mu ci digiri, kundin ya kwanta a kanta ƙura ta rufe shi. Tsohuwar da ta ba mu ko kwafi ba ta gani ba, jikokinta kuwa suna can suna rera waƙar tumakin Ingila. Wane ne a cikinmu ya taɓa mai da kundinsa ɗan littafi mai shafi goma da zane, wanda anti za ta iya buɗewa gobe da safe ta yi aiki da shi? Kwalejojin ilmi na ƙasar nan suna da fannin renon ƙananan yara, amma in aka ba ɗayanmu gurbi a can sai ya ce an raina shi, musamman mu maza, kamar dai yaro ba ya buƙatar ganin namiji mai taushin hannu. Mu ne kuma gobe za mu haifi namu, mu nemi makarantar da ta fi tsada da yawan aikin gida, mu hana su Hausa a falo don kada a ce 'ya'yan ɗan boko ba su waye ba. Ina ba ƙungiyarmu shawara, kuma zan kawo ta a rubuce a taro mai zuwa, cewa a Makon Hausa na bana a rage rana ɗaya daga ranakun jawabai da rawa, mu kwashi kanmu mu je ajin share fage na firamaren da ta fi kusa da mu, mu zauna a tabarma, mu yi tatsuniya da wasa, mu bar wa malamar abin da muka tattara a rubuce. Wanda ke ganin wannan ya yi wa ɗan jami'a ƙanƙanta, shafin nan a buɗe yake, ya rubuto mu ji hujjarsa.

Game da ɗan yayata kuwa, mun yi doguwar muhawara da mahaifinsa, ya ce in aka cire shi tsararrakinsa za su wuce shi. Na ce, "Yaya, su wuce shi zuwa ina?" Bai amsa ba, amma bai yarda ba. Abin da aka daidaita a kai shi ne yayata ta je ta sami mai makarantar ta roƙi a daina dukansa, a kuma daina rubuta masa matsayi a aji. Mai makarantar ta ce dukan za a duba, amma matsayi ba zai ciru ba, domin sauran iyaye shi suke fara nema in sun buɗe takardar. Ranar da zan dawo makaranta na same shi a bayan ɗaki ya jera murafun kwalba a ƙasa, ya ba kowanne suna, yana riƙe da karan dawa yana zane su ɗaya bayan ɗaya yana ce musu su yi shiru, da Turanci.